Shekarar da Aka Ba Ni Wuta

Ni ba don son ƙarfe na shiga walda ba, haushi ne ya kai ni. Shekarar da na faɗi jarrabawar birebe, ta gama ƙaramar sakandare, karo na biyu, aka yi shela a ƙauyukanmu na wajen Ɗan Kassari cewa gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar hannu sun haɗa kai. Gwamnati za ta fara koyar da yaran da lakwal, wato boko, ta ƙi, daga nan masu sana'a su karɓe su a wuraren aikinsu, mace da namiji, ɗan kowa da kowa. Ranar zaɓen sana'a ƴan mata duk suka gangara layin ɗinki. Ba wanda ya ce su je, ƙafafunsu ne suka kai su, ni ma can na nufa. Sai wani ɗan unguwarmu, wanda ya shekara yana leƙen takardata a aji, ya ɗaga murya ya ce, "Ke ko allura Allah ya sa ki iya riƙewa." Aka yi dariya. Na juya na je na tsaya bayansa a layin walda ina huci. Da ya kama bakinsa ranar, da yanzu ina nan ina yi wa matan gari hijabi.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, ƙannena kuma a lokacin duk ƙanana ne, babbansu bai wuce kiwon awaki ba. Saboda haka ni ce hannun Baba a gona. Shi yana gaba da sungumi yana saran rami, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Baba irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. In yana son ruwa sai ya dubi sama ya ce, "Ko akwai mai ruwa a gidan nan?" Da aka ce bayan koyon farko za a tura ni Dogon Dutsi aikin gwaji, wanda muke kira istaj, sai ya ce wa Inna, alhali ina zaune gabansa, "A faɗa wa waccan, rani nata ne. In ruwa ya sauka hannunta bai kama komai ba, gona na nan tana jira." Ban ga rashin adalci a maganar ba, har yau ma ban gani ba.

Na sauka gidan ƙanwar Inna da ke aure a garin. Wurin aikin da aka ba ni wani tsohon gidan maƙera ne, can gefen da dutse ke yi wa gari inuwa da safe. Ƙofa ɗaya ce amma ciki kamar gida biyu. Daga baya akwai bukkar tsohon maƙerin, da uwar maƙera kafe a ƙasa, da zugazugin fatar akuya, da tarin gawayi. Nan ake ƙera kalme da gatari da lauje. Daga gaba kuma rumfar kwano ce ta babban ɗansa, mai injin walda, wanda ke haɗa ƙofofi da tagogi da amalanken jaki. Ɗan matashi ne mai gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba, ba ya wasa da sallah, ba ya kuma wasa da kowa.

Kai, ina kewar wurin nan. Ina kewar ƙarar masaba tun rana ba ta leƙo bayan dutse ba, da yadda kaji ke tonon toka, da shayin da ake dafawa a gefen wutar ƙira wanda ya fi na ko'ina ɗaci. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, injin ya yi tsit, ɗan ya zauna ya zuba tagumi, sai tsohon ya ƙara ƙarfin duka da gangan yana cewa, "Wutar wasu dai sai an aiko musu da ita daga nesa." Akwai wani Bafillatani da ke zuwa gyaran gatari, tun daga bakin titi yake kira, "Ina bawana?" tsohon kuma ya amsa, "Ga mai gidanka nan, shigo da ladabi." Su yi ta yi har a manta da gatarin.

Sun karɓe ni da mutunci, wannan kam ba zan ci amanarsu ba. Ranar farko aka ba ni kujera. Rana ta biyu aka ba ni buroshi da gwangwanin fenti. Shi ke nan. Duk ƙofar da ta fita gidan nan a wannan ranin ni na shafa ta, shuɗiya ko koriya, har ƙumbana suka rine, har tuwo ya koma yi mini warin fenti. In na matsa kusa da bukka, tsohon ya miƙo mini goro ya ce, "Ɗiyata, koma inuwa." In na matsa kusa da inji, ɗan ya kashe shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ko kina neman wani abu?" Ni da ban kai shekarun ƙanwarsa ba, wai Malama. Watanni suka yi ta wucewa, zafi ya yi tsanani, ni kuwa kullum da yamma sai na dubi gabas, don na san duk ranar da hadari ya haɗu zamana ya ƙare.

Wata rana abin ya ishe ni. Na jefa buroshin cikin gwangwani har fenti ya fallatsa wa akuya, na je na tsaya tsakanin bukka da rumfa na ce, "Baba Maƙeri, wai me na yi muku?"

Tsohon ya aje masaba. Ya ce, "Ɗiyata, ba ƙin ki nake ba. Wutar nan ta san mu, ke ba ta san ki ba. Mu tun ranar suna ake ɗura mana maganinta, kuma ba a ba bare. In ta ci ki, me zan ce wa ubanki?"

Ɗan ya amsa daga rumfa, idonsa a kan ƙasa. "Baba, wuta ba ta san kowa ba, halittar Allah ce. Ba gado ke walda ba. Da namiji aka kawo mini, ko ɗan wane ne, da tuni na koya masa."

"Da jininmu ce, ko da mace ce, da tuni na ba ta," in ji tsohon. "Kai ne ka ɗauko tsoron mata a birni. Kakarka ta yi zuga a bukkar nan."

Suka ci gaba a kaina kamar ba na wurin. Na ce, "To ni da ba namiji ba, ba jini ba, sai in tsufa da buroshi?" Na koma inuwa na yi kuka, kukan haushi, wanda ya fi ƙona ido.

Akwai wata Madam ta meri, wato ofishin magajin gari, da ke zagaya mu a kan moto tana duba yadda muke. Bazabarma ce, Hausarta duk a karkace, tana ce wa tsohon "ke", shi kuma yana rama mata da "kai". Da ta zo na kwashe komai na faɗa mata, ina jira ta tashi ta yi musu faɗa da sunan gwamnati. Ba ta yi ba. Ta ce in ta tilasta musu, za su ba ni inji a gabanta, ta ba da baya su karɓe. Ta zauna ta sha shayinsu har kofi na ƙarshe, ta yi ta tambayar tsohon labarin gidan, wa ya haifi wa, wa ke ɗura wa jarirai maganin. Da ta ji amsa, sai ta tuɓe takalmi ta yi sallama cikin gida wajen mata. Ta daɗe. Ni dai na ce a raina, yau ma hira ta zo yi.

Ashe wajen Gwaggo ta shiga, yayar tsohon. Kafin ranar ban taɓa ganinta da kyau ba, sai dai muryarta ta bayan katanga tana yi wa jikoki faɗa. Wata ƴar guntuwar tsohuwa ce, baki ja da goro, ta yi aure wajen Lugu, da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta. Duk jaririn da aka haifa a gidan ita ke ɗiga masa ruwan komin da ake kashe jan ƙarfe a ciki. Washegari ta fito da sandarta ta tsaya bakin bukka, ta ce in miƙo hannuwana. Ta juya su, ta latsa kantar sungumi da ke tafina, ta sake.

Ta ce wa tsohon, "Kai, ƙanena."

Mutumin da gari ke rusuna wa ya ce, "Na'am, Yaya."

"Wanda ya koya wa ubanmu ƙirar lauje, jininmu ne?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Yunwa ta kawo shi gidan nan yana yaro, kakanmu ya tambayi ubansa, uban ya ce na ba ku, aka ba shi ruwa ya sha. Ko ka manta, ko dai ka ga wannan ɗin mace ce?" Ta juya wajen rumfa. "Kai kuma, malamin gida, me ke cin ka?"

Ɗan ya ce shi wannan ruwan ba ruwansa da shi, yana ma tsoron kada ya zama shirka. Gwaggo ta ce, "Ruwa ne da ƙarfe, a yi bisimilla a sha. Kai ma ka sha kana tsumma, ga shi bai hana ka gemu ba." Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Daga nan ne ya faɗi abin da ke ransa, kuma da gaskiyarsa. Ya ce tartsatsi ɗaya ya ishi hijabin da nake sawa ya kama, shi kuwa ba zai ce wa ɗiyar mutane ta cire lulluɓi a gaban maza ba. Wannan kam Madam da shugaban masu sana'a ne suka warware ta. Suka kawo yadin kaki mai kauri da safar hannu ta fata, matar ɗan da kanta ta ɗinka mini doguwar riga mai rufe wuya da ɗankwali mai kama kai. Da na sa, na yi kama da buhun gero mai ƙafafu, yaran gidan suka yi ta birgima don dariya. Aka kafa mini benci daga gefe, aka kare da zana.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba na Madam ba ne, ba na gwamnati ba ne. Gwaggo ta ce ba a karɓar ɗa sai da bakin ubansa. Kuma wanda gidan ya karɓa ba ya tafiya da damina, don lokacin ne manoma ke tururuwa da kayan noma, lokacin ne ake koyon aikin na gaske. Aka aika wa Baba ya zo, ba a faɗa masa dalili ba.

Kafin ya zo hadari ya fara haɗuwa. Aka ce an yi ruwa wajen Dogon Kiriya, iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ranar kasuwa sai ga shi a kan amalankenmu, da jakinmu mai yankakken kunne. Ina ganin amalanken na gane abin da ya ɗauka. Ya share gefe ɗaya ya shimfiɗa buhu, inda nake zama. Shi a zatonsa ɗaukata aka kira shi ya yi.

Aka zauna cikin bukka, ni ina rakuɓe bakin ƙofa. Bayan gaisuwa mai tsawo Gwaggo ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har maganar damina. Baba ya sa ido a kan gawayi. Na san abin da yake gani. Inna tana da tsohon ciki, yara ba su isa bin sungumi ba, kuma shuka ba ta jira, in ƙasa ta sha iska shi ke nan. Wallahi a lokacin na so in ce a bar maganar, in tashi in hau amalanke. Bakina ne ya ƙi buɗewa, don ina son wutar nan, ina son ta sosai.

Can ya ce, ba tare da ya dubi inda nake ba, "Wutar za ta ci ta?"

Tsohon ya ce, "Za ta taɓa ta. Ba za ta ci ta ba, da yardar Allah."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ba ku."

Tsohon ya ciro jan ƙarfe da awartaki ya tsoma a komi, ruwan ya yi ƙara, tururi ya tashi. Gwaggo ta ɗebo a ludayi ta ce in yi bisimilla. Ɗumi ne da shi, da ɗanɗanon tsatsa da toka, na haɗiye da ƙyar. Ta shafa mini sauran a hannu ta ce, "Ke ɗiyar gidan nan ce." Kafin in ɗago, Baba ya riga ya fita yana kwance jaki. Na bi shi na durƙusa. Ya naɗe buhun nan ya tura ƙarƙashin kaya, ya ce wa jakin, "Mu je, hadari na tafe."

A ranar ɗan ya kunna inji ya miƙo mini mariƙi da gilashin rufe ido. Sandar walda ta yi ta mannewa a ƙarfe, na yi wani ɗinki kamar kashin kaza. Tartsatsi ya sami wuyan hannuna inda safa ta ƙare, na yi tsalle. Gwaggo tana zaune a turmi ta ce, "Gaisuwa ce, amsa mata ki ci gaba." Tabon yana nan har yau.

Daminar nan ita ce mafi daɗin zamanin da na yi a duniya. Ɗan ya zama malami na gaske, mai haƙuri, ba ya tsawa. Hannuna kawai yake kallo, yana cewa, "Malama, sassauta. Malama, kin yi nisa da ƙarfen." Har yau ban tabbata ya san kamannin fuskata ba, amma ko cikin ƙofofi ɗari zai nuna wadda na haɗa. In kuran ya ɗauke sai in koma bukka in kama wa tsohon zuga, yana nuna mini launin da ƙarfe ke yi in ya nuna. Manoma suna zuwa su gan ni su yi turus, wasu su ce a ba namiji aikinsu, tsohon ya ce, "Ɗiyar gida ce, in ba ka so ga hanya." Bafillatanin nan ya samu sabuwar baiwa, ni kuma na samu wanda nake zagi ba a ce na yi rashin kunya ba. Yanzu tsohon da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya, an rushe bukkar an yi shago. Ina da rumfata, ina da yara masu koyo, mata da maza, meri ce ke turo mini su, ban kuma taɓa tambayar ɗayansu sana'ar ubansa ba. Amma ban sake shan shayi mai daɗin na gefen wutar nan ba.

Sai da kaka aka ba ni hutu na je gida. Na tafi da kalme guda da na ƙera da hannuna tun daga farko har ƙarshe, na naɗe ta a zane kamar jaririya. Inna ta haihu, na ɗauki jinjirin, na ci tuwo, na tambayi Baba aka ce yana gona. Na ɗauki kalmen na bi shi.

Tun daga nesa na ga gonar ba daidai take ba. Gefen tudu an yi gero, an ma fara yanka. Amma gefen kwari, inda ya fi ko'ina albarka, ciyawa ce tsaye har ƙuguna, ko kara ɗaya babu. Na gaishe shi, ya amsa yana ɗaurin dami. Na ce, "Baba, wancan gefen fa?"

Ya ce, "Ƙasa ma tana gajiya. Na bar ta ta huta."

Na shiga cikin ciyawar. Baƙa ce wuluk don ƙoshi, kuma duk inda na taka sai na ji busasshen kashin shanu a ƙarƙashin ƙafata. Wato a ranin nan da nake can ina shafa fenti, Baba ya sauke Fulani a wannan gefen, shanunsu suka yi ta kwana, ya biya su da geron rumbunsa. Ba mai tara taki a gonar da yake nufin hutarwa. Ya shirya ta ne don mutum biyu. Da ruwa ya sauka shi kaɗai ya yi ta yi, ya sara rami, ya aje sungumi, ya dawo ya zuba iri, har ƙasa ta bushe masa a rabi.

Na fito ina share ido na ce, "Baba, ba hutu ba ne wannan."

Ya miƙo hannu ya karɓi kalmen, ya warware zanen, ya gwada bakinta da babban yatsa, ya juya ta ya duba inda aka haɗa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Bakin ya ɗan yi kauri," ya rataya ta a kafaɗa ya ci gaba da ɗaurin daminsa.

Na koma Dogon Dutsi bayan ƴan kwanaki. A wannan shekarar rumbunmu ya ƙare tun zafi bai yi nisa ba, Baba ya sayar da jakin. Sai da na yi aure Inna ta faɗa mini. Ta ce ya hana kowa ya aiko mini da labarin.